KATIN AWO: TARIHIN TAKARDAR DA AKA HAIFA A WANI ƘAUYEN NIJERIYA



Akwai wani abu da na daɗe da lura da shi a littattafanmu na hikaya. Idan an gama shan gwagwarmayar soyayya, an ɗaura aure, sai ka ga a babin kusa da na ƙarshe amarya ta haifo ɗanta namiji, ƙato, jajir, mai kama da ubansa sak. A yi shagalin suna, a yanka raguna, dangi su watse. Daga nan sai marubuci ya ja layi ya ce bayan shekara biyar, sai ga yaro da kayan makaranta ya sheƙo a guje ya rungume babansa. Ni ban ga laifin marubuta ba, labari ne, dole a taƙaita. To amma waɗannan shekaru biyar da ake tsallakewa da layi ɗaya, a zahiri su ne mafi haɗari a rayuwar yaro, kuma a cikinsu ne iyaye mata da yawa a ƙasar nan suke rabuwa da 'ya'yansu.

Yau ina so in ba da tarihin wata 'yar takarda da aka ƙirƙiro domin gadin waɗannan shekaru. Duk matar da ta taɓa kai jariri riga-kafi ta san ta. Wasu su ce katin riga-kafi, wasu su ce katin awo. A gefe ɗaya ana rubuta ranakun allura, a ɗaya gefen kuma akwai wani zane mai layuka da suka taso daga ƙasa suka yi sama kamar hanyar hawa dutse. Ka bincika cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa a gidanku, da wuya ka rasa shi. Abin da zan ce ka duba shi ne gefen zanen. A gidaje da dama za ka tarar gefen allura ya cika da kwanan wata, amma gefen zanen fari fat, ko kuma ɗigo biyu zuwa uku ne kawai waɗanda ba wanda ya taɓa yi wa uwar bayaninsu. Mutane kaɗan ne suka san cewa wannan zane a Nijeriya aka rene shi, kuma wanda ya tsara shi ya yi ne domin uwa ta karanta da kanta.

IDO DA HANNUN KAKA

Tun kafin zuwan sikeli iyayenmu suna da nasu awon. Kaka za ta karɓi jika ta ɗaga shi sama, ta ce wannan yaro ya yi nauyi, ko ta ce me ya sami yaron nan na ji shi shafal? Zaren laya ko 'yar jigidar da ake ɗaura wa jariri ita ma ma'auni ce: idan ta matse, yaro yana ƙaruwa, idan ta yi sako-sako, da magana. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma gaskiya ne.

Sai dai ido yana da makanta iri uku a kan wannan lamari. Ta farko, wanda yake ganin yaro kullum ba ya ganin ramarsa, sai baƙo ya zo ya faɗa. Ta biyu, idan duk yaran unguwa ƙanana ne, to ƙanƙantar sai ta zama ita ce daidai a idon kowa. Ta uku kuwa ita ce mafi muni, wato kumburi. Akwai nau'in tamowa da yake sa ƙafafu da fuskar yaro su kumbura, mai kallo ya zaci ƙiba ce, alhali kallon kitse yake wa rogo.

Wata likita mai suna Cicely Williams, 'yar asalin Jamaika, ita ce ta bayyana wannan cuta a rubuce a shekarar 1933, lokacin tana aiki a asibitin yara a Ankara ta ƙasar Gana, wadda a wancan zamani ake kira Gwalkwas. A 1935 ta sa mata sunan da ta ji mutanen ƙabilar Ga suna kiranta da shi, wato kwashiyoko, ma'ana ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane an sauke shi daga nono. Duk Bahaushen da ya san abin da ake nufi da kwanika ko rurrutsa ya san wannan magana ba baƙuwa ba ce. Iyaye mata sun riga likitoci sanin lokacin da cutar ke zuwa. Abin da ba su da shi shi ne hanyar hango ta tun tana nesa.

YADDA SIKELI YA SHIGA ASIBITI

Mafi daɗewar rubutaccen awon girman yaro guda da aka sani na wani Bafaranshe ne mai suna Montbeillard, wanda ya riƙa auna tsawon ɗansa kusan duk wata shida daga 1759 har zuwa 1777. Wannan kuwa sha'awar ilimi ce ta mutum ɗaya. Mayar da awo aikin asibiti ya samo asali ne a birnin Faris a 1892, inda wani likitan haihuwa, Pierre Budin, ya lura cewa jariran da ake sallama lafiya lau daga asibitinsa da yawa ba sa kai shekara. Sai ya buƙaci iyaye mata su riƙa dawo da su mako-mako. A ɗora jariri a sikeli, a rubuta, a zauna da uwa a yi mata bayanin shayarwa, wadda nononta bai isa ba a ba ta madarar da aka tafasa. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau: tun ranar farko awo tare yake tafiya da magana da kuma taimako. Daga Faransa tsarin ya tsallaka Ingila, daga can kuma ya biyo asibitocin mishan da na gwamnatin mulkin mallaka zuwa Afirka. Amma a duk wannan zamani littafin awon yana hannun asibiti ne, uwa ba ta da komai a hannunta sai ɗanta.

IMESI-ILE

A shekarar 1956 wani likitan yara Bature mai suna David Morley ya zo aiki asibitin Wesley Guild na mishan ɗin Metodis da ke Ilesha, a ƙasar Yarabawa, cikin jihar Osun ta yanzu. Abin da ya tarar shi ne ɗakin yara kullum a cike, ana kawo su bayan ciwo ya ci ƙarfinsu, wanda aka samu ya warke ma bayan 'yan watanni a sake dawo da shi da ciwon jiya. Sai ya yanke shawarar fita daga asibiti ya je ya ga inda ciwon yake farawa. Ya zaɓi wani ƙauye da ke kan duwatsu mai suna Imesi-Ile, kimanin kilomita 40 daga Ilesha. Tare da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Margaret Woodland, wadda ta tare a ƙauyen, suka bi rayuwar yara sama da 400 tun daga haihuwa, suna auna su wata-wata, suna rubuta duk ciwon da ya same su.

Abin da suka gano shi ne, cututtukan da ke kashe yaran 'yan kaɗan ne kuma sanannu: zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, gudawa, ciwon haƙarƙari, tarin shiƙa da tamowa. Sun kuma ga yadda waɗannan cututtuka suke miƙa wa juna yaro hannu da hannu. Ƙyanda ta kwantar da shi ya ƙi cin abinci, nauyinsa ya faɗi, kafin ya farfaɗo gudawa ta shigo, raunin da ta bari kuma ya buɗe wa wani ciwon ƙofa. Babban abin da ya fito fili a cikin lissafin shi ne, watanni kafin yaro ya kumbura ko ya ƙanjame, nauyinsa yakan daina ƙaruwa. Wato jiki yana yin gargaɗi tun da wuri, sikeli kuma yana iya jin gargaɗin tun ido bai ga komai ba.

A kan wannan ne aka gina abin da aka kira asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar. A buɗe yake kullum, ba a ware ranar masu lafiya daban da ta marasa lafiya ba, domin uwar da ta baro gona ko kasuwa ba za ta iya zuwa sau biyu ba. Duk ranar da ta zo, za a auna yaro, a duba ciwonsa in yana da shi, a yi masa allurar da ta kama, a ba shi ƙwayar Daraprim ta kariya daga zazzaɓin sauro, a kuma yi hira a kan abincinsa. Yawancin aikin 'yan ƙasa ne suke yi, nas-nas da ungozomomin da aka horar, masu jin yaren uwar, likita kuwa sai abin da ya fi ƙarfinsu ake tura masa. A wannan yanki ne kuma aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na allurar ƙyanda a Afirka, a farkon shekarun 1960.

Katin da aka tsara domin wannan aiki shi ne ya yi suna a duniya da laƙabin Hanyar Lafiya. Dabaru uku ne a cikinsa. Ta ɗaya, a gidan farko na ƙasan zanen ana rubuta watan da aka haifi yaro, sai a jera sauran watanni a gaba, saboda haka ma'aikaci ba ya buƙatar lissafin shekarun yaro, watan da ake ciki kawai zai nema ya ɗiga nauyin a samansa. Ta biyu, abin dubawa shi ne inda layin yaron ya nufa. Idan an haɗa ɗigon bana da na watan jiya layi ya yi sama, madalla. Idan ya miƙe a kwance, gargaɗi ne. Idan ya sunkuya ƙasa, haɗari ne. Ƙaramin yaron da layinsa ke hawa ya fi kwanciyar hankali a kan ƙaton da layinsa ya tsaya. Wannan kuwa ko wadda ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya ganewa. Ta uku, wadda ta fi tayar da ƙura a tsakanin likitocin lokacin, ita ce a sa katin cikin leda a miƙa wa uwa ta tafi da shi gida. Aka ce ai matan ƙauye za su yar, ko yara su yaga. Morley ya sha nuna cewa iyaye mata sun fi ɗakin ajiyar asibiti iya adana shi, ga shi kuma an huta da ɓata lokacin neman fayil.

A tsakiyar shekarun 1960 wani likita Ba'amurke, Nicholas Cunningham, ya kwatanta Imesi-Ile da wani gari maƙwabci mai suna Okemesi, wanda ba shi da irin wannan asibiti. Ya samu cewa mutuwar yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu a Imesi-Ile ba ta kai rabin ta Okemesi ba.

DUNIYA TA KARƁI KATI

Morley ya koma Landan a 1961, amma bai bar zancen ba har ya rasu a 2009. A 1965 ya kafa wata ƙungiya mai suna TALC domin rarraba kayan koyarwa masu araha, ciki har da katin awo. A 1973 ya fitar da littafinsa a kan abubuwan da ya kamata a fifita a lafiyar yara a ƙasashe masu tasowa, inda ya yi ta jan hankali cewa kuɗin lafiya suna ƙarewa a manyan asibitocin birni, yara kuwa suna mutuwa a ƙauye da cututtukan da kariyarsu ba ta da tsada.

A 1978 abubuwa biyu suka faru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da samfurin katin awo domin ƙasashe su kwaikwaya, sannan a watan Satumba wakilan ƙasashe 134 suka taru a Alma-Ata, cikin Tarayyar Sobiyat ta da, suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi. A ƙarshen 1982 kuma shugaban UNICEF, James Grant, ya shelanta yaƙin ceton yara da makamai huɗu masu araha: awon girma, ruwan gishiri da sukari, shayar da nono, da riga-kafi. Awo shi ne na farko a jerin. Aka buga miliyoyin katuna, aka rarraba sikelin ratayawa, mai kan agogo da ɗan wandon da ake zura yaro a ciki yana tsala ihu. A ƙasar Indunusiya har ƙauye-ƙauye aka kafa ranar awo ta wata-wata, matan gari ne ke gudanarwa.

A nan gida, mutumin da ya ɗauki wannan tuta shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992. A zamaninsa aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 domin gwada tsarin lafiya matakin farko, aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, sannan a 1992 aka kafa hukumar raya kiwon lafiya matakin farko ta ƙasa. Ta haka katin da ya tashi daga Imesi-Ile ya zaga duniya, ya dawo ya shiga asibitocin sha-ka-tafi na Kano da Katsina da Sakkwato.

TAMBAYA MAI ƊACI

Ba a daɗe ba masana suka fara tambaya: shin duk wannan awo da ake yi yana ƙara wa yara lafiya kuwa? A 1988 wata mai bincike, Nancy Gerein, ta buga maƙala da ta yi wannan tambaya ƙarara. A 1993 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyukan kudancin Indiya. An raba ƙauyukan gida biyu, dukkansu ana ziyartar iyaye mata ana ilimantar da su ana kula da lafiyar yaran, amma ɓangare ɗaya ne kawai ake amfani da katin awo. Da aka zo ƙarshe ba a ga wani bambancin girma ba. Bayan wasu shekaru masu tace binciken likitanci na Cochrane suka duba, suka ce gwaje-gwajen kirki da aka yi a kan lamarin ba su taka kara sun karya ba.

Wannan ba ya nufin Morley ya yi kuskure. Abin da ya ceci yaran Imesi-Ile shi ne asibitin gaba ɗayansa: magani a kusa, allura, ƙwayar zazzaɓi, da ma'aikaciyar da ta san uwa ta san gidansu. Katin shi ne zaren da ya ɗinke su wuri guda. Da duniya ta zo kwaikwaya sai ta ɗauki abin da ya fi sauƙin bugawa da rarrabawa, wato takarda da sikeli, ta bar abin da ya fi wuya, wato lokaci da sauraro da abin da za a yi wa yaron da layinsa ya kwanta. Duk wanda ya taɓa leƙa ranar awo ya san yadda take. Mata sun cika benci har ƙasa, ma'aikaciya ɗaya ko biyu, wannan ta rataya yaro ta faɗi lamba, waccan ta rubuta a rajista domin rahoton ƙarshen wata, a ce ta gaba. Ba mugunta ba ce, aiki ne ya fi ƙarfin hannu. Amma uwar da ta yi tafiyar awa guda ta koma gida ba ta san ko ɗanta ya ƙaru ko ya ragu ba, da wane dalili za ta dawo wata mai zuwa idan allura ta ƙare?

Inda aka haɗa awo da aiki kuwa an ga amfani. A lardin Iringa na Tanzaniya, daga 1983, mutanen ƙauye da kansu suke auna yaransu, a kawo sakamakon gaban shugabannin gari, a tattauna gidan da yaro ya tsaya da abin da za a yi masa. Cikin 'yan shekaru tamowa mai tsanani ta ragu ƙwarai a yankin.

DA WA AKE GWADA ƊANMU?

Akwai wata muhawara kuma da ta daɗe. Layukan da aka buga a jikin kati, girman 'ya'yan wa suke nunawa? Da farko an dogara da awon yaran Boston ta Amurka. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka koma wani ma'aunin na Amurka, wanda jariran cikinsa yawancinsu madarar gwangwani suka sha. Mutane suka riƙa cewa, yaya za a gwada ɗan Afirka da ɗan Bature, ai kowa da irin ƙashinsa?

Domin a kashe wannan magana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da bincike daga 1997 zuwa 2003 a ƙasashe shida: Barazil, Gana, Indiya, Nowe, Oman da Amurka. An bi yara kusan 8,500 waɗanda aka shayar da nonon uwa, iyayensu mata ba sa shan taba, kuma gidajensu ba sa cikin ƙuncin da zai tauye girma. Sakamakon da aka fitar a watan Afrilu na 2006 ya nuna cewa, daga haihuwa zuwa shekara biyar, yaron Ankara da na Oslo da na Delhi kusan tafiya ɗaya suke yi a girma idan sun sami kulawa iri ɗaya.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne, a Kudu maso Gabas kuwa kashi 18. Binciken da aka sake yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin na ƙasa ya kai kashi 40. Ba za mu iya fakewa da cewa gajarta gadonmu ce ba. Mafi yawan wannan tsumburewa tana faruwa ne daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, abin da ake kira kwana dubu na farko, kuma abin da aka rasa a nan da wuya a mayar da shi duka daga baya. Ba a tsawo kaɗai abin yake tsayawa ba, yana bin yaro har cikin aji.

Shi wancan binciken bai tsaya a nauyi da tsawo ba, ya duba har lokacin zama da rarrafe da tafiya. An samu cewa lafiyayyun yara suna fara zama da kansu tsakanin wata 4 zuwa 9, suna fara tafiya su kaɗai tsakanin wata 8 zuwa kusan 18. Tazarar tana da faɗi, saboda haka kishiya ta daina yi wa 'yar'uwarta gori don nata ya riga tafiya. Amma yaron da ya haura waɗannan watanni bai yi ba, ko wanda ba ya waiwayowa idan an yi ƙara, ko ba ya bin fuska da ido, a kai shi a duba, kada a zauna ana cewa nauyin ƙafa ne ko haƙori.

MA'AUNIN DAMTSE

Sikeli yana da nauyi, yana lalacewa, yana kuma buƙatar a san watan haihuwa. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970, masu aikin agaji na Kwaka da suka tarar da dubban yara cikin yunwa sun yi amfani da kaurin damtse haɗe da tsawo domin tantance wanda za a fara ceta. A 1974 wani likita ɗan Iraƙi, Adnan Shakir, tare da Morley suka gabatar da ɗan siririn ma'auni mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro da shi. Shi ne kakan wanda ake amfani da shi yanzu ga yara 'yan wata 6 zuwa shekara biyar: ja idan damtse bai kai santimita 11.5 ba, rawaya daga nan zuwa 12.5, kore kuma sama da haka.

Darajar wannan ma'auni ta ƙara fitowa ne bayan an sami abin da za a ba yaron da ya faɗa ja. A 1996 aka haɗa Plumpy'Nut a Faransa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, a cikin 'yar leda, ba ya buƙatar ruwa ko dahuwa. Babban gwajinsa a ƙasar Hausa aka yi. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Jamhuriyar Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma akasarinsu a gida suka warke a hannun iyayensu, ana kawo su awo mako-mako. A 2009 aka fara irin wannan tsari a wasu jihohin arewacin Nijeriya. Abin da zai sa mutum ya yi shiru shi ne, ƙasar da ta yi dalar gyaɗa ita ce ta wayi gari tana jiran gyaɗa a leda domin ceton 'ya'yanta.

Mataki na gaba shi ma a ƙasar Hausa aka taka shi. A Mirya, cikin jihar Damagaram, daga 2011 ƙungiyar ALIMA da takwararta ta 'yan Nijar mai suna BEFEN suka gwada koya wa iyaye mata, yawancinsu ba su yi boko ba, yadda za su auna damtsen 'ya'yansu da kansu su kuma danna ƙafa su duba kumburi. Da aka faɗaɗa gwajin aka samu cewa awonsu bai gaza na ma'aikatan sa-kai ba, kuma yaran da iyayensu suka gano sukan iso asibiti da wuri, kaɗan ne ake kwantarwa. Yau ƙasashe da dama sun ɗauki wannan tsari. Abin da aka yi gardama a kansa a Ilesha, cewa ko za a iya amince wa matar ƙauye da takarda, matan Mirya sun sake amsa shi bayan fiye da shekara hamsin.

Sai dai a sani, ma'aunin damtse yana nuna yaron da ya riga ya faɗa rami ne ko yake bakinsa. Katin awo shi ne ke nuna wanda ya fara karkata tun yana nesa da ramin. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Jariri lafiyayye yakan ninka nauyinsa na haihuwa a wajen wata biyar, ya ninka shi sau uku a shekara guda. Yawancin layukan da ke kwantawa suna fara kwanciya ne daga wata shida, lokacin da nono kaɗai ya daina isa, aka koma ɗura wa yaro tsararon koko wanda ke cika ciki ba ya gina jiki. Maganin sau da yawa yana cikin gida: nono zalla har wata shida, daga nan kunu mai kauri da aka sa wa gyaɗa ko waken suya, ɗan manja, ƙwai ko kifi idan an samu, ganyen zogale, a kwanonsa shi kaɗai, sau da yawa a yini, a kuma ƙara masa bayan ya tashi daga ciwo.

Don haka 'yar'uwa, idan kin je awo kada ki tashi daga benci sai kin yi tambaya uku. Malama, kilo nawa ya yi yau? Ya ƙaru a kan na wancan watan? In bai ƙaru ba, me zan yi? Ki roƙa a ɗiga miki a jikin zanen, a haɗa layin a gabanki. Kada ki daina zuwa don allura ta ƙare, musamman a shekara biyun farko. Kai kuma maigida, katin nan ba na mata ba ne su kaɗai, domin kuɗin mota da kuɗin ƙwai daga aljihunka za su fito, kuma da izininka za a fita. Ka karɓa ka duba ko da sau ɗaya a wata. Ma'aikatanmu na lafiya kuwa, mun san aiki ya yi muku yawa, amma minti ɗaya na bayani shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro takardar tun asali.

Su kuma 'yan'uwana marubuta, ina roƙon wata rana wani ya tsaya a kan waɗannan shekaru biyar da muke tsallakewa, ya rubuta mana labarin uwa da ɗanta da katinsu. Akwai fargaba da kishi da sadaukarwa a cikinsu waɗanda za su cika littafi har da na biyu.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, waɗanda suka riga mu kuma Ya sa masu ceto ne. Wassalam.